Yini Ɗaya a Amstadam da Abokai: Tambayoyin da 'Yan Garwa Suka Fi Yi Mini

Shekara biyar na yi ina karatu a Beljiyam kafin na dawo gida Garwa, kuma a tsakanin nan na ja ayarin abokai zuwa Amstadam, babban birnin Holan, sau da dama, har na zama ɗan jagora ba da niyya ba. Yanzu da an shiga watan Yuni, makarantu sun kama bakans, sai wayata ta hana ni sakat: ƙannenmu masu karatu a Faransa da Jamus, 'yan kasuwar Marwa da Ngaundere da suka samu biza, har da na Kusiri da Injamena. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga su nan da amsoshinsu, kowa ya tsinci tasa.

Yaya, wai me ake zuwa gani? In ruwa ne ai muna da Binuwai.

Binuwai Allah ne ya shimfiɗa shi, kuma a gefen gari yake, sai ka yi niyya ka je wajensa. Na can mutane ne suka haƙa da hannunsu, suka mai da shi titi. A shekarar 1613 aka fara haƙa manyan hanyoyin ruwa guda uku da suka kewaye tsohon gari kamar awarwaro a hannun amarya: Herengracht, Keizersgracht da Prinsengracht. Kalmar "gracht" ɗin da kuke ji a ƙarshen kowane suna, ita ce hanyar ruwa a bakinsu. In aka haɗa tsawon duk hanyoyin ruwan birnin ya haura kilomita 100, gadoji kuwa sun fi 1,000. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin kayan tarihin duniya a 2010.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ranar farko ba ruwan ba ne, gidajen ne. Ƙasar wurin taɓo ce, ba ta riƙe gini, don haka sai an kafa dogayen itatuwa a ƙasa an dasa gida a kansu. Fadar sarki da ke dandalin Dam a kan turaku 13,659 take zaune. Gidajen dogaye ne sirara, wasu sun karkata kamar tsoffin da suka gaji da tsayuwar tarawihi, kuma a saman kowanne akwai ƙugiya da ake jan kaya da igiya a shigar ta taga, saboda matakalar ciki ba ta wuce gado ko kabad.

Wane wata ya fi?

Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Amma kada kalmar bazara ta ruɗe ku. Bazararsu ba ta Garwa ba ce da ma'aunin zafi ke haura 40 a watan Afrilu. A Yuli can, yawanci 22 ne ko kusa da haka da rana, ga iska, kuma ruwan sama na iya saukowa ba hadari ba gargaɗi, ya ɗauke bayan minti 20. Kowa ya sa riga mai kauri da 'yar rigar ruwa a jaka. Mai zuwa da shadda wagambari da takalmi sau-ciki don ɗaukar hoto, ya yi kyau ƙwarai, amma kafin la'asar ƙafarsa za ta ba shi labari, domin titunan duk jan bulo ne da duwatsu.

Ku guji Asabar ta farkon Agusta in kuna son shiga jirgi, don galibi ranar ake babban faretin jiragen ruwa, a rufe wasu hanyoyin, gari ya cika ya batse. Masu tambayar furannin tulif kuma, sun makara. Tun tsakiyar Mayu ake rufe lambun Keukenhof.

Mu nawa ya kamata mu tafi?

Biyar zuwa takwas. Ƙasa da haka kuɗin hayar jirgin ruwa ya yi wa kowa nauyi, sama da haka kun zama garke, rabin yinin zai tafi wajen jiran wanda ya tsaya hoto da wanda ya tafi neman bayi.

Abu biyu ku gama tun kafin ku bar gida. Na ɗaya, ku naɗa amiru, mutum ɗaya da in ya ce a tashi, a tashi. Na biyu, maganar kuɗi. Mun saba a gida in an zauna wurin mai kifi a bakin gada, wanda Allah ya hore wa ya biya, sauran su ce "an gode, Allah ya ƙara buɗi". Can wannan karamcin zai karya mutum ɗaya a yini guda. Kowa ya zuba kasonsa na jirgi da abinci a hannun amiru da safe. Ba rowa ba ce, kuma na ga abota ta shekara goma ta yi tsami a kan Yuro 40 da ba a faɗa a fili ba.

Ta ina ake shiga, kuma wace takarda zan riƙe?

Daga Burusel jirgin ƙasa mai gudu bai cika awa 2 ba, daga Paris awa 3 da 'yan mintuna. Bas ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai daga Paris zai ci muku awa 7 ko fiye, kuma yawanci a Sloterdijk yake sauke mutane, sai ku ƙara ɗan jirgin ƙasa na mintuna kaɗan zuwa babbar tasha. Wanda ya sauka filin jirgin sama na Schiphol, minti 15 zuwa 20 ne a jirgin ƙasa.

Holan tana cikin yankin Shengen, ƙasashen Turai da ake ratsawa da biza ɗaya, amma wannan bai ce ka fita hannu rabbana ba. Riƙe fasfo ɗinka da katin zamanka, na ainihi, ba hotonsu a waya ba. Ana iya tsayar da bas a kan iyaka a duba kowa, kuma dokar ƙasar ta ce duk wanda ya kai shekara 14 ya iya nuna shaidarsa in ɗan sanda ya nema.

To yaya za mu tsara yinin?

Kuskuren kowane sabon zuwa shi ne ya rubuto wurare 12 a takarda. Ni uku nake yarda da su: ruwa, abinci, da wurin zama a yi hira. Sauran duk abin da ya faɗo a hanya riba ce.

Ku iso babbar tasha wajen ƙarfe 10. Kafin ku shiga gari, ku fita ta ƙofar baya, inda jiragen fito ke tsallaka ruwan da suke kira IJ zuwa arewacin birni. Kyauta ne, ba tikiti, ba mai tambayarka komai. Mafi kusa minti 5 ne, na NDSM, tsohuwar ma'aikatar ƙera jirage da masu zane suka mamaye, kamar minti 15. Ku je ku dawo, iska ta wanke muku gajiyar hanya. Daga nan ku taka zuwa dandalin Dam, ku yanka yamma ku bi bakin Prinsengracht a hankali har lokacin azahar. Bayan sallah da abinci sai jirgin haya. Da yamma ku baje a lambun Vondelpark, wanda tun 1865 mutanen gari ke shan iska a cikinsa. Shi ke nan, yini ya cika, kuma ba wanda ya koma gida yana ɗingishi.

Wani zai ce a ƙara bakin teku na Zandvoort, wani ya ce injinan iska na Zaanse Schans. Duk suna kusa. Duk na wata rana ne.

Jirgin yawon buɗe ido za mu shiga ko namu za mu yi haya?

A nan ne yinin ke yin daɗi ko ya zama salam-salam, don haka bari in ɗan zauna a kai.

Manyan jiragen masu rufin gilashi suna nan birjik a gaban tasha. Awa guda suke yi, ka zauna a kujera, murya na ba ka tarihi a kunne. Ga wanda ya zo da dattijo ko ƙananan yara, su ne daidai. Amma ku samari da kuka zo nishaɗi, zama ne kamar a aji, ba halin shewa, ga baƙi a kowane gefe.

Ku yi hayar ƙaramin jirgi mai aiki da lantarki, wanda suke kira "sloep". Ba ya buƙatar lasisin tuƙi, in dai mai riƙe shi ya kai shekara 18. Ana biya da awa, kuma kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya ba na kai ba, shi ya sa na ce ku kai shida ko takwas. Awa 2 ta yi kaɗan, 3 ta yi daidai. Ku kama wuri ta intanet kwana biyu ko uku kafin ranar, don in rana ta fito ranar Asabar ko na magani ba za ku samu ba. Za ku iya shiga da abincinku da filas ɗin shayi.

Dokokin ba su da yawa. A bi hannun dama. Gudu kada ya wuce kilomita 6 a awa, tafiyar mai sauri a ƙafa ke nan. Babban jirgi shi ke da hanya, kuma in yana juyawa a kwana gindinsa na sharo waje sosai, ku ba shi fili. Kafin shiga ƙarƙashin gada mai ƙunci a rage gudu a leƙa ko wani na tahowa. An hana kunna kiɗa da lasifika a kan ruwa, saboda akwai mutanen da gidajensu jiragen nan ne da ke ɗaure a gefe, wajen 2,500. Bakinku dai ba a hana ba.

Karon farko da muka yi haya, wani abokinmu ya ce shi jikan masunta ne, a Lagdo ya tashi, tuƙi gadonsa ne. Muka miƙa masa. Ashe kwalekwale da filafili daban, wannan sandar tuƙin daban: in ka tura ta dama, jirgi hagu yake yi. A gadar farko ya kai mu ga bango, gum! Filas ya kife a kan burodi, wata tsohuwa da ke shan rana a saman jirginta ta sauke jarida ta dube mu ta saman tabarau, ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata ya fi zagi ciwo. Har yau in mun haɗu a Rumde Ajiya "Sarkin Ruwa" muke ce masa.

In kun samu hannu, ku nufi Reguliersgracht, inda ake hango gadoji bakwai a jere, ku fita kogin Amstel ku wuce ƙarƙashin farar gadar katako ta Magere Brug. Daga wannan kogi da madatsar da aka yi masa garin ya samo sunansa.

Za a iya yin iyo?

A'a. Ruwan ya kai zurfin mita 2 zuwa 3, da sanyi ko a Yuli, bangon gefe a miƙe yake ba wurin kamawa, kuma ƙasansa cike yake da ƙarafa. Dubban kekuna ake tsamowa duk shekara.

Mu hau keke kamar 'yan gari?

In yini ɗaya ne kuma kuna da yawa, ban ba ku shawara ba. Mai keken Amstadam ya fi ɗan kalando na kasuwar Garwa rashin haƙuri, ga shi ba ƙarar inji da za ta gargaɗe ka. Abin da ya wajaba ku sani shi ne jan titi. Duk inda kuka ga kwalta mai launin ja-ja a gefen hanya, ta masu keke ce, kada a tsaya a kai, kada a yi hoto a kai. In ka ji ƙararrawa a bayanka, kai ake wa. Wanda ya nace sai ya hau, ya sani riƙe waya a hannu a kan keke laifi ne mai tara tun 2019, kuma ya kiyayi layin ƙarfen taram, ƙaramin jirgin ƙasan da ke bin titi, layin yana cafke taya.

Malam, sallah fa? An ce rana ba ta faɗuwa.

Tana faɗuwa, sai dai tana jan ƙafa. A ƙarshen Yuni tana fitowa wajen 5:20 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare. Azahar na shiga wajen 1:45, la'asar kusan 6 na yamma, magariba 10 da 'yan mintuna, isha kuwa sai tsakar dare ta gabato. Agogonsu a wannan lokaci yana gaba da na Kamaru da Cadi da awa 1. Kada ka dogara da inuwa ko da cikinka, sa manhajar lokutan sallah a kan birnin.

Masallaci mafi sauƙi ga mai yawo a tsakiyar gari shi ne na Fatih a titin Rozengracht, 'yar tafiya kaɗan daga Prinsengracht. Da coci ne, Turkawa suka saye shi ya koma masallaci a 1981, don haka daga waje za ka iya wuce shi ba ka sani ba: nemi gini mai hasumiya biyu na jan bulo. Wanda ke son ganin masallaci da kubba da hasumiya a bakin ruwa, ya hau taram zuwa Westermoskee a yammacin gari, an buɗe shi a 2016. Ku yi alwala da duk wani uzuri a masallaci, don bayin waje na kuɗi ne kuma ba buta. Batun haɗa azahar da la'asar ko yin ƙasaru, kowa ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya, kada a tsaya gardamar fiƙihu a bakin gada.

Me za mu ci? Zan iya tahowa da kilishi daga gida?

Alhaji, bar kilishin nan a Ngaundere. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara daga waje a cikin kayan matafiyi, za a karɓe a filin jirgi, wataƙila har da tara.

Halal ba ta wuya. Gidajen abincin Turkawa da 'yan Maroko suna ko'ina, sun fi yawa a titin Javastraat da kewayen kasuwar Dappermarkt a gabas, da kasuwar Ten Kate a yamma. Kalmomi huɗu sun ishe ka karanta allo: "kip" kaza, "rund" naman sa, "lam" rago, "varken" alade. "Spek" da "ham" ma na alade ne. Dogon naman nan da ake soyawa mai suna "frikandel", kada ka ci sai ka tambaya.

A kasuwar Albert Cuyp, wadda ke ci Litinin zuwa Asabar, ku nemi abu uku. Soyayyen dankali a cikin takarda mai tsini da mayonis a kai. "Kibbeling", gutsattsarin kifi da aka soya da ƙulli, wanda shi ne ya fi kusa da abin da harshenmu ya sani, ko da yake bai kama ƙafar giwan ruwan Lagdo ba. Sai "stroopwafel" mai zafi, waina siririya biyu da narkakken sukari a tsakiya. Akwai kuma "haring", ɗanyen kifi mai gishiri da albasa, ana kama wutsiya a ɗaga kai a zura. A duk ayarin da na kai, mutum ɗaya ke ci, sauran su ɗauke shi bidiyo. Ku zo da ɗan yajinku a aljihu, abincinsu lami ne. Ruwan famfo kuwa mai kyau ne, ku riƙe gora ku riƙa cikawa. Gashin nama a Vondelpark an hana, kada wani ya yi mafarkin soya.

Nawa zan tanada?

Farashi na canjawa, amma lissafin ba ya canjawa: Yuro 1 sefa 656 ne, wato Yuro 10 jaka shida da rabi da 'yan kai. In ka tsaya juya kowane kofin shayi zuwa sefa, ba za ka sha komai ba, hawan jini kawai za ka samu. Yanke abin da za ka kashe tun a gida, ka daina lissafi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kati. Shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, za ka ga an rubuta "alleen pinnen". Taram da bas ma haka: kana shiga ka taɓa katin bankinka a na'ura, kana fita ka sake taɓawa, in ka manta na fita a cire maka fiye da ƙima. Kowa da nasa katin. Orange Money da MoMo ba sa aiki can. Mai tsabar kuɗi ya canja su ƙanana, don takardar 100 ko 200 ba kowane mai shago ke karɓa ba. Waya da walat a aljihun gaba, musamman a tasha da cikin taram.

An ce akwai unguwannin da bai kamata mu shiga ba.

Ba don hatsari ba, don mutunci. Unguwar De Wallen, inda mata masu zaman kansu ke tsayawa a tagogi masu jan fitila, tana dab da babbar tasha ta kudu, gabas da hanyar da ke zuwa dandalin Dam, har mutum na iya faɗawa ciki bai sani ba. In kun bi yamma kamar yadda na tsara, ba abin da zai kai ku. Wanda ya tsinci kansa a ciki ya mai da wayarsa aljihu, ɗaukar hoton matan na jawo rigima nan take.

Sai kuma "coffeeshop". Ba wurin mai shayi ba ne, wurin sayar da wiwi ne. Wani ustazu a cikinmu ya taɓa yin sallama ya shiga neman shayi da madara, warin da ya tare shi a bakin ƙofa ya dawo da shi da baya yana a'uziyya. Mai son shayi ya nemi inda aka rubuta "café" ko "koffie". Kek ko alewa da ke da hoton ganye mai yatsu a jiki, kada a saya wa yara tsaraba.

Faransanci zai fishe ni?

Da ƙyar. Harshensu Holanci ne, kuma kusan kowa na jin Ingilishi. Ku tabbata akwai mai Ingilishi ɗaya a ayari, ko da na kasuwar Mubi ne. 'Yan Cadi masu Larabci sukan dace a shagunan 'yan Maroko.

Yaya, ni da ƙawayena ne, duk da hijabi. Za a takura mana?

Ƙanwata, ku tafi hankali kwance. Mata masu lulluɓi suna tuƙa keke, suna aiki a shaguna, ba mai waiwayarku. Niƙabi ne ke da doka: tun 2019 an hana rufe fuska a cikin taram, bas, jirgin ƙasa, asibiti, makaranta da ofisoshin gwamnati. A jirgin ruwa ku kama mayafi da fil, iskar kan IJ ba ta da kunya.

Gidajen tarihi fa?

Ɗaya, in ya zama dole, kuma a sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Gidan Anne Frank, yarinyar Bayahudiya da ta ɓuya a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana Prinsengracht, ba a sayar da tikitinsa a ƙofa, kuma na bazara kan ƙare makonni kafin ranar. Rijksmuseum kuwa shi kaɗai yini ne.

Mu fa hayaniya muke so, da kiɗa da jama'a.

To ku hau metro mai lamba 54 zuwa Bijlmer a kudu maso gabas, unguwar 'yan Surinam da 'yan Gana da sauran baƙar fata. A ƙarshen mako na Yuli zuwa farkon Agusta ake bikin Kwaku a lambun Nelson Mandela, wanda ya faro a 1975 a matsayin gasar ƙwallon unguwa, yanzu ya zama kiɗa da rawa da hayaƙin gashi ko ta ina. A can na taɓa jin wani yana waya da Hausar zangon Kumasi, na yi masa sallama, muka tsaya kamar mun shekara da sanin juna. Filin wasan Ajax ma yana nan kusa, inda André Onana ya tsare raga kafin ya koma Inter Milan a 2022. In kun zaɓi wannan, ya maye gurbin Vondelpark, ba ƙari ba ne a kansa.

Ƙarfe nawa za mu kama hanyar komawa?

Duba lokacin jirginku na ƙarshe tun da safe, amiru ya sa ƙararrawa a waya awa 1 kafin lokacin. Hasken nan maƙaryaci ne. Mu da muka tashi inda magariba ke yi kafin 7, jikinmu ba ya yarda dare ya yi alhali rana na kan rufin gidaje.

Mu ma ta taɓa cin mu. Muna kishingiɗe a ciyawa, ana ta musu kan Coton Sport, wani ya ce bari a yi la'asar tukuna a tashi. Da aka duba waya ƙarfe 9 ta wuce. Muka yi ta gudu da filas da ledoji, muka iso tasha jirginmu ya daɗe da tafiya, tikitin kuma ba a mayar da kuɗinsa. Mu bakwai muka kwana zaune muna jiran bas ɗin asuba, Sarkin Ruwa ya lulluɓe da dardumar sallah yana rawar ɗari a tsakiyar watan Yuli.